Wanda Aka Ci Shi Ke Juya Baba

Aikina wankin ciwo ne. In na tashi daga asibiti sai in rataya jakata in bi gidajen da aka sallamo musu majinyata, in auna hawan jini, in canza bandeji, in nuna wa mutanen gida yadda ake ɗaga mutum ba tare da an gurɗa masa kafaɗa ba. Na shiga ɗakuna da yawa waɗanda ba a kai baƙo cikinsu, har zuciyata ta yi kanta. Wari ba ya tayar mini da hankali, kuka ma haka. Amma akwai gida guda da ya ƙi fita daga raina, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ranar da na fara zuwa gidan, da takalma na fara cin karo, tuli a ƙofar falo, wani kan wani. Kafin in yi sallama sai ihu ya tashi daga ciki kamar an kama ɓarawo. Na tura ƙofa na tarar da samari a baje kan darduma, idanunsu a kan talabijin, biyu daga cikinsu riƙe da hannun gem, wato ɗan abin nan mai maɓallai da ake sarrafa 'yan wasa da shi. Ƙwallo suke bugawa. A bayansu, jikin taga, ga gadon ƙarfe irin na asibiti, an ɗaga wajen kai, dattijo na kwance yana kallo tare da su.

Shi ne Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Abin da ya rage masa hannun hagu ne da idanu.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Wai nan gidan majinyaci ne ko gidan kallon ƙwallo?"

Wani siriri mai yawan murmushi ya waiwayo ya ce, "Sannu da zuwa, Sista. Duka biyun ne." Shi ne Auta, ƙaramin ɗan Baba, ya gama makaranta yana jiran aikin da bai zo ba.

Ina shirin wanke su tas sai aka hura usur a talabijin, wasa ya ƙare. Falon ya ɗauka baki ɗaya: "Dogo, an ci ka! Tashi ka juya Baba!"

Wanda ake kira Dogo ya ajiye hannun gem yana gunaguni, ya je ya wanke hannunsa, ya zo bakin gadon. "Baba, ka ga dai zaluncin da aka yi mini, wannan ai satar gida ce." Yana magana yana naɗe ƙafar Baba, ya sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ya mirgina shi a hankali, ya cusa matashi a bayansa, ya miƙe zanin gado kada ya yi ƙudundune. Ban samu abin gyarawa ba.

Auta ya yi mini bayani. Likita ya ce a riƙa juya Baba a kai a kai, in ba haka ba fatar baya za ta mutu. Su kuma suka mayar da abin doka: duk wasan da aka gama, wanda aka ci shi ke juya Baba. In an yi canjaras, su biyun su kama. Da yake wasan ba ya daɗewa, kuma ba a rasa wanda za a ci, sai ya zamana ana juya Baba fiye da yadda likitan ya nema.

Na kore su waje na duba bayansa. Na daɗe ina wannan aiki, ban cika ganin mutumin da ya yi watanni a kwance da fata irin wannan ba. Ko ja babu. Na haɗiye faɗan da na zo da shi.

Na ci gaba da zuwa. Na saba da hayaniyar, har na san wanda ba ya iya wasa a cikinsu, don shi ne kullum a bakin gado. An ɗaura wa Baba cokali da zare a jikin ƙarfen gadon. In yana son wani abu sai ya ƙwanƙwasa. Da zarar an ji ƙarar, Auta zai danna wani ɗan maɓalli a tsakiyar hannun gem, 'yan wasan su daskare a inda suke, wani ƙafarsa a sama, ƙwallo a iska. Ya tashi ya kawo ruwa ko kwalbar fitsari, samarin su juya baya har a gama, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Wani lokaci su ɗora wa Baba hannun gem a ƙirji, ya riƙa dannawa da babban yatsansa na hagu, 'yan wasansa suna ta gudu suna fita fili. Dogo ya janye mai tsaron gidansa da gangan, ƙwallo ta shiga, a yi ta tafi. Baba ya yi dariya da rabin baki, miyau na zuba, Auta ya goge masa.

Wata ranar da yamma na tarar an kashe talabijin, samarin ba sa nan. Yaya ne zaune a kujera, babban ɗan Baba, wanda yake riƙe da gidan, ma'aikacin ofis mai magana a tsanake. Matarsa na tsaye da tsintsiya. Auta na zaune a ƙasa. Na gaishe su na wuce wajen Baba ina auna shi, kunnena yana wajensu.

Yaya yana cewa, "Ka girmi wannan akwatin gem ɗin. Abin yara ne. Ka kunna, ka buga, ka kashe, me ka ƙaru da shi? Ita kwamfuta da rana ka koyi aiki a kanta, in ka gaji ka yi wasanka. Hotonta ya fi fita. In wani abu ya tsufa a ciki, shi kaɗai za ka cire ka sa sabo. Wannan kuwa in an fito da sabonsa sai dai ka jefar da shi gaba ɗaya."

Auta ya ce, "Amma Yaya, shi wannan ba ya ba da ciwon kai. Ka jona, ka fara. Kwamfuta yau ka gyara wannan, gobe ta ce a sabunta wancan. Kuma wannan mutum biyu ke bugawa, saura su yi layi."

Matar Yaya ta ce, "Layin ai shi ne matsalar. Falona ya zama tasha. Warin ƙafa, ɓawon gyaɗa, ihu tun hantsi. Rannan ƙawayena suka zo, ga ƙarti a baje, ga kwalbar fitsari a ƙarƙashin gado. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige."

Ba ƙarya ta yi ba, na ga ɓawon gyaɗar da idona. Ita ke sharewa kuma.

Yaya ya ce, "To ka ji. Da kwamfuta sai ka sa abin kunne, babu mai jin ka. Ba sai kowa ya taru a nan ba, da mutanen duniya za ka riƙa bugawa kana ɗakinka. Akwai ma waɗanda sana'arsu ke nan. Shi ma Baba ya samu hutu, majinyaci ai shiru yake so."

Na ga idon Auta ya canza tun daga wajen mutanen duniya. Yaya ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Sista?"

Na ce, "Ni ban san kan waɗannan na'urori ba, Yallaɓai. Bayan Baba na sani, kuma yadda yake yanzu haka nake so ya zauna."

"Ai wannan ba ya canzawa," in ji shi.

Baba ya ƙwanƙwasa cokali. Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi, idonsa a kan Yaya. Matar Yaya ta ce ƙishirwa yake ji, aka kawo ruwa. Ya kawar da kai, ruwan ya zube a wuyansa. Aka goge, aka ci gaba da maganar girman allo.

Zuwana na gaba babu takalmi ko ɗaya a ƙofa. Falon tsaf, an sa sabon labule, inda gadon yake an ajiye tukunyar fure ta roba. Matar Yaya ta nuna mini hanya ta bayan kicin. Ɗakin ajiya ne a da, an matsar da buhuna da tsohon keke gefe guda, an cusa gadon. Taga ɗaya ce ƙarama, can sama. Baba na kwance yana fuskantar bango.

"Nan ya fi masa sirri," in ji ta.

A ƙirjinsa na ga hannun gem. An sayar da akwatin gem ɗin, amma wanda ya saya ya ƙi karɓar wannan, wai wayarsa ta tsinke an ɗaure da salatif. Sai Auta ya bar wa Baba ya riƙa motsa yatsa.

Na juya shi. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ya fi tsini, fata ta yi ja. Na danna da yatsa, jan bai gushe ba.

Na je ɗakin Auta na buga ƙofa har hannuna ya gaji, sannan na tura. An rufe taga don ƙura, fanka na kaɗawa a kan sabuwar kwamfutar, wani baƙin akwati mai fitilu kala-kala. Auta ya ba ni baya, kunnuwansa a rufe ruf da abin kunne, hannu ɗaya a kan maɓallai ɗaya a kan linzamin kwamfutar, yana magana da mutanen da ba na gani. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura.

"Sista! Minti biyar don Allah."

"Tsayar da shi. Yaushe rabon da a juya Baba?"

Bai waiwayo ba. "Wannan ba a tsayar da shi. Mutane ne na gaske, ƙungiya muke. In na tashi an kashe mu duka, kuma su hukunta ni, su rage mini matsayi. Yanzu zan gama."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Minti biyar ɗin ta wuce, ta sake wucewa. Da ya cire abin kunnen sai na ga ya yi masa kwari a gashi. Na ja shi ya ga jan. Ya yi rantsuwa cewa daga yau ba zai sake ba, kuma na yarda da gaske yake a lokacin.

Na tambaye shi Dogo. Ya ce ya zo sau ɗaya. Kujera ɗaya ce, linzami ɗaya, babu inda mutum na biyu zai sa hannu. Ya zauna a bakin katifa yana kallon bayan Auta har ya yi hamma, ya tafi. Sauran ma sun koma wani shago a bakin titi.

Jan ya zama bororo, bororon ya fashe. Na fara wankewa da ruwan gishiri ina rufewa. Kowane zuwa sai in tarar ciwon ya ƙara faɗi, kuma kowane zuwa da bayanin da ake ba ni.

Matar Yaya ta ce, "Sista, surukina ne fa. Ta yaya zan buɗe masa jiki? Abinci dai ba na fashi, ki tambaya. In na ji cokali ina ƙwala wa Auta kira, shi ne ba ya ji."

Auta ya ce, "Wallahi ina leƙa shi. Duk sanda na gama zagaye ina leƙawa. In na ga yana barci ba na son tashinsa."

Yaya ya ce, "Ni ina wajen aiki, ba zan rabu biyu ba. Ki faɗi abin da za a saya, a saya."

Wannan kam yana yi. Na ce a sayo katifar iska, irin mai ɗan inji da ke hura layi-layi, wannan ya kumbura wancan ya saki, don kada nauyi ya zauna wuri guda. Na gaya masa ba ta maye gurbin juyi, taimako kawai take yi. Washegari aka kawo ta. Ya kira ni a waya ya ce an kawo mafi kyau, muryarsa kamar wanda ya sauke kaya.

Da na zo bayan 'yan kwanaki, katifar a sace take, Baba na kwance a kan roba da ƙarfe. Na bi wayar da ido, na ga filoginta a ƙasa.

Auta ya sosa kai. "In an ɗauke wuta batir muke komawa, Sista. Shi kuma ba ya ɗaukar firij da kwamfuta da fanka da wannan a tare, sai ya yi ƙara ya kashe komai. Ita kwamfutar tana jan wuta ba kamar tsohon akwatin ba, kuma in ta mutu farat ɗaya tana iya ƙonewa. Na ɗan cire ne kafin in gama."

"Wannan ɗan injin nawa yake ja?"

"Kaɗan ne, amma shi ne yake cika ma'aunin."

Na mayar da filogin da kaina. Na gaya wa Yaya. Ya ce zai ƙaro batir ƙarshen wata, ya kuma yi wa Auta faɗa a gabana, faɗa mai kyau, da misalai. Yana gamawa ya tambaye shi ko ya sauke sabon wasan nan na mota. Ashe shi ma in ya dawo daga ofis nan yake zarcewa, ya ce yana sauke gajiya. Layin da aka kora daga falo ya dawo, amma na mutum biyu, kuma wanda aka ci ba ya tashi ko'ina.

Na haɗu da Dogo a bakin titi na gaya masa halin da ake ciki. Ya zo, ya juya Baba, ya zauna yana ba shi labarin wanda ya ci wa a shago. Ranar na ga Baba ya bi mutum da ido. Dogo ya zo kwana biyu ko uku, sai Matar Yaya ta ce ita gaskiya ba ta jin daɗin namiji baƙo yana ratsa mata kicin mijinta ba ya nan. Yaya ya ce tana da gaskiya, kuma kada mutane su ce 'ya'yan Baba sun kasa. Dogo bai sake zuwa ba.

Daga nan ciwon ya yi rami. Naman gefensa ya yi baƙi, ina yankewa da almakashi Baba ko motsi ba ya yi. Auduga da a da nake shafawa a sama, yanzu cusa ta nake yi ciki. Wari ya kai kicin, aka sayo turaren fesawa, aka riƙa rufe ƙofar. Wani ciwon ya fito a ƙugu, wani a diddige. Ya daina cin abinci sosai, kwanon safe nake tararwa da rana an rufe da faranti, ƙudaje na zagaye.

Cokalin ma ya ɓace. Zaren kawai na gani yana lilo. Matar Yaya ta ce wataƙila an haɗa da kwanukan wanke-wanke. Na ɗaura wani daga kicin, zuwa na gaba shi ma babu. Da na matsa sai ta ce, "Sista, ba dare ba rana yake bugawa, ko an ba shi abin da yake so. Kaina kamar zai tsage. Ni kaɗai ke ji a gidan nan."

Wannan ma gaskiya ne, ita kaɗai ke ji.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne hannun gem ɗin nan mai tsinkakkiyar waya. Kullum na shigo yana riƙe da shi a ƙirji, fuskarsa a bango, babban yatsansa yana dannawa. Ba ya yawo da yatsan kamar da, wuri ɗaya yake dannawa. Na ɗauka yatsan ne ya ƙage. In zan yi masa wanka sai na ɓamɓare abin daga hannunsa, ina gamawa ya lalubo shi.

Ranar da na taɓa goshinsa na ji zafi rau, na samu Yaya a falo na ce a mayar da shi asibiti yau, ciwon ya shiga jini. Na ce na yi magana a can an ajiye masa gado.

Ya ce, "Sista, mu yi magana ta gaskiya. Asibiti me za su yi masa da ba a yi ba? Wahala kawai za a ƙara masa. Kuma wa zai kwana da shi? Ni ina da taro gobe. Bari mu ga ƙarshen mako, in bai sauka ba ni da kaina zan kai shi."

"Ba lallai ya kai ƙarshen mako ba."

"Rai a hannun Allah yake," in ji shi.

Na ce haka ne. Na ba Baba maganin da zan iya bayarwa, na juya shi, na duba filogi, na tafi. Ban ji haushi ba a hanya, ban ji komai ba. Na tsaya na sayi sabulu, na wuce gida na gaba inda wata tsohuwa ke jiran allura.

Washegari da rana tsaka na dawo, ba ranar zuwana ba ce. Matar Yaya na yanka albasa. Ta ce, "Yau kam da sauƙi, tun safe barci yake. Na leƙa, Yaya ma ya leƙa kafin ya fita. Ban tashe shi cin abinci ba."

Na tura ƙofar. Injin katifar yana ta ɗan gurnaninsa. Daga bakin ƙofa mayafin da ke kan Baba yana ɗagawa a hankali, yana sauka, yana sake ɗagawa. Ni ma da a nan na tsaya da na ce barci yake.

Na ƙarasa na taɓa wuyansa. Sanyi. Na ɗaga hannunsa, ya riga ya sandare. Ba yanzu ba ne, ba ɗazu ba ne. Katifar ce take numfashi a ƙarƙashinsa tun safe, kowa ya zo ya tsaya a ƙofa ya ga mayafi na motsi ya koma.

Na kashe injin. Mayafin ya tsaya.

Matar Yaya ta saki wuƙa ta fasa kuka. Na wuce ta na je ɗakin Auta. Ban buga ba. Yana tsakiyar wasa, yana ce wa wani ya bi ta hagu. Na taɓa kafaɗarsa, ya ɗaga mini yatsa ɗaya alamar in jira. Na cire masa abin kunnen da hannuna.

"Sista, na jona masa katifar tun asuba, wallahi yau ban cire ba."

"Na gani. Taso."

Ya bi ni. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiyar, inda ya saba tsayawa, sai na ce ya shigo ciki. Na ce ya kama mini mu miƙar da shi. Rabonsa da taɓa jikin mahaifinsa har ya manta inda ake sa hannu, sai da na nuna masa. Da muka juya shi ya ga bayan, ya ja da baya ya toshe baki. Bai taɓa ganin ciwon ba tunda ya yi rami.

Hannun gem ɗin yana maƙale a hannun hagu. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. A hasken ƙaramar tagar na ga duk maɓallan da alamunsu, ban da ɗaya ƙarami a tsakiya. Shi ya goge fes, har ya lotsa ciki.

Na miƙa wa Auta. Na ce, "Wannan na mene ne? Shi kaɗai yake dannawa."

Ya karɓa ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Daga ɗakinsa ana jiyo 'yan ƙananan muryoyi suna fita daga abin kunnen da na yar a kan tebur, suna kiransa.

Ya ce, "Na tsayar da wasa ne."

Sai ya zauna a kan buhu.

An yi abin da ake yi. An kira Yaya ya zo da gudu, ya rungume ƙaninsa, ya gaya wa masu gaisuwa cewa Baba ya cika cikin barci, a kan katifarsa, ba tare da wahala ba. Mutane suka yaba musu, suka ce samun 'ya'ya masu riƙe uba a gida har ƙarshe sai an tona a wannan zamani. Falon ya cika, takalma suka sake yin tuli a ƙofa. Na ga na Dogo a ciki. Ya shiga ya zauna daidai inda gadon yake a da, kusa da tukunyar furen roba.

Babu wanda ya daki Baba a gidan nan, babu wanda ya zage shi, babu ranar da aka hana shi abinci. Duk abin da na ce a saya an saya. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa zai ba ka dalilinsa, kuma za ka gyaɗa kai, don ni ma na gyaɗa. Amma na wanke wannan ciwo da hannuna, na san tsawon lokacin da fata take ɗauka kafin ta mutu, na san kuma cewa a duk tsawonsa akwai lafiyayyen mutum zaune taku kaɗan daga gadon.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo yana ta lissafa mini, wai zai sayi abin wasa, ya rasa wanne zai ɗauka. Kwamfuta ta fi hoto, ta fi yawan wasanni, ana aiki da ita. Na talabijin ya fi sauƙi, ba ya cin wuta, ana bugawa da abokai. Ya ce, "Anti, ke a ganinki wanne ya fi?"

Kakarsa tana ɗaki, ƙafafunta sun fara kasawa. Na ce masa ni ban san hoto ba, ban san wuta ba. Na ce ya sayi duk wanda ya ga dama, amma kafin ya biya ya tambayi mai shagon ko in tsohuwa ta yi kira, ana iya tsayar da shi.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Na ɗauki jakata na fita, akwai ciwon da ke jirana a wani gida.